Tattakin tara taimako: ɗaukar hoto ne kawai, ko akwai abin da mai baƙin ciki ke samu?

Wata baiwar Allah ta rubuto cewa mahaifiyarta ta rasu bara, bayan doguwar jinya ta ciwon dajin mama. Ƙawarta na ta matsa mata su shiga tattakin da ake yi a watan Oktoba don tara wa masu wannan ciwo taimako. Yayanta ya ce ai wannan kwaikwayon Turawa ne da son a gani, mai son taimako ya tura kuɗi asibiti ya zauna a gidansa. Ita zuciyarta na so, amma ba ta san me za ta ce masa ba, kuma tana tambaya ko da gaske mutum na samun wani sauƙi a irin wannan fita.

Ƙanwata, kafin komai, Allah ya jiƙan Mama, ya sa jinyar da ta sha ta zama kaffara, ku kuma ya ba ku haƙurin rashi.

Ni ma'aikaciyar jinya ce, na daɗe a ɗakin masu ciwon daji, kuma na shiga irin wannan tattaki ba sau ɗaya ba, ba sau biyu ba. Wani na taka da ƙafata, wani ina cikin masu shiryawa, wani kuma ina zaune a bayan motar asibiti da akwatin magani a cinya. Zan fara da ba yayanki gaskiyarsa, don yana da ita. In maganar kuɗi ce zalla, ba tattakin da ya kai tura kuɗi ta waya araha. Ba hayar rumfa, ba buga riguna, ba sayen ruwa, ba man motar rakiya. Dubu goma ta fita daga hannunsa, dubu goma ta shiga asusun mara lafiya. Na taɓa zama cikin kwamitin wani tattaki da muka baje takardu bayan an watse, sai muka tarar riguna da huluna da lemo da mai lasifika sun cinye fiye da rabin abin da aka tara. Ranar kowa ƙasa yake kallo. Saboda haka in ya ce akwai ɓarna a harkar, ba ƙarya ya yi ba.

Inda lissafinsa ya karkace shi ne zaton da ya yi cewa kuɗin dama suna nan a ajiye, jiran a tura su kawai suke yi. Ba haka abin yake ba. Yawancin abin da tattaki ke tarawa, da ba a fita ba, ba zai taɓa barin aljihun masu shi ba. Mutum ba ya tashi da safe haka kurum ya tuna da masu ciwon daji. Yana bayarwa ne saboda wata da ya sani ta tsaya a gabansa ta ce za ta taka kilomita biyar saboda mahaifiyarta, nawa zai sa. Kunyar ido da tausayi su suke buɗe jaka, kuma ƙafar da ta taka ce take jawo su. Mu ma mun san wannan tun daga gayya: gonar da mutum ɗaya zai yi mako yana fama da ita, in aka yi gangami aka buga ganga, kafin azahar an gama, kuma rabin waɗanda suka zo, da ba don ganin wane ya je ba, da ba su fito ba.

Duk wanda ya san tarihin wannan harka, in aka ce tattakin taimako ko gudun taimako, sunan da ke fara zuwa masa shi ne Terry Fox, wani saurayi ɗan ƙasar Kanada. Bari in ɗan daɗe a kansa, don amsar tambayarki tana cikin labarinsa fiye da ko'ina.

A shekarar 1977, yana ɗan shekara 18, aka gano ciwon dajin ƙashi a ƙafarsa ta dama, aka yanke ta daga saman gwiwa. Ya yi wata 16 yana karɓar kemo, wato maganin nan mai ƙarfi da ake ba masu ciwon daji don kashe ƙwayoyin ciwon. Abin da ya gani a ɗakin jinya, musamman ƙananan yara da ciwon ke ci, shi ya hana shi sukuni bayan an sallame shi. Dab da a yi masa aikin ne aka kawo masa labarin wani mai ƙafa ɗaya, Dick Traum, da ya yi gudun fanfalaki na birnin New York, abin kuma ya zauna masa a rai. Sai ya ƙudurta zai ratsa Kanada da gudu, daga gabar Tekun Atlantika zuwa ta Pasifik, don tara kuɗin binciken maganin ciwon daji.

Ranar 12 ga Afrilu, 1980, a garin St. John's da ke can ƙuryar gabashin ƙasar, ya tsoma ƙafarsa ta roba a ruwan teku ya kama hanya. Kada ki ɗauka irin ƙafar ƙarfen nan ce mai lanƙwasa da 'yan wasan nakasassu ke gudu da ita a yau. Ta tafiya ce, ba a yi ta don gudu ba. Sai ya yi ɗan tsalle biyu a kan lafiyayyar kafin ta robar ta juyo gaba, haka zai yi ta yi tun kafin gari ya waye. Dungulmin cinyar yakan yi bororo ya fashe, jini ya biyo ƙafar robar. A haka yake cin kimanin kilomita 42 kullum, kusan tafiyar Kano zuwa Wudil ke nan, yau da gobe da jibi, abokinsa Doug Alward na biye da shi a mota.

Farkon tafiyar ba armashi. Ruwa da iska da sanyi, garuruwa da yawa ba wanda ya tare shi, a lardin Quebec har motoci sun riƙa ture shi gefen titi, kuɗin da ke shiga kuwa ba su taka kara sun karya ba. Wani ƙaramin gari mai suna Port aux Basques ne ya ba shi dala dubu 10, kamar dala ɗaya ke nan a kan kowane mazaunin garin. Daga nan ya ɗaga burinsa: dala ɗaya daga kowane ɗan Kanada, mutum miliyan 24 a lokacin. Sai da ya shiga lardin Ontario ƙasar ta farka, jama'a suka riƙa yin dafifi a bakin hanya.

Ranar 1 ga Satumba, bayan kwana 143 da kilomita 5,373, wato kamar mutum ya taka daga Kano zuwa Legas sau biyar, tari da ciwon ƙirji suka tsayar da shi kusa da garin Thunder Bay. Ciwon ya koma huhu. Bai kai Pasifik ba, bai ma yi kusa ba. Kwanaki kaɗan bayan tsayawarsa wani gidan talabijin ya yi shirin neman gudummawa, aka tara fiye da dala miliyan 10 a dare ɗaya. Zuwa watan Fabrairu na 1981 an cike miliyan 24 ɗin nan, yana raye ya ji. Ya rasu ranar 28 ga Yuni, 1981, saura wata ɗaya ya cika shekara 23.

A watan Satumba na wannan shekarar aka yi gudun tunawa da shi na farko, mutum fiye da dubu 300 suka fito. Wanda ya tsaya kai da fata a kan shirya shi wani attajirin mai otal-otal ne, Isadore Sharp, wanda shi ma ciwon daji ya ɗauke masa ɗa. Har yau ana yin gudun duk shekara, a Kanada da wasu ƙasashe, kuma abin da aka tara da sunansa ya haura dalar Kanada miliyan 850. Tsarin gudun ma abin lura ne: ba kuɗin shiga, ba na ɗaya ba na biyu, wanda ya ga dama ya yi gudu, wanda ya ga dama ya taka, wani a keken guragu, wata da goyo. Shi kuma irin ciwon da aka yanke masa ƙafa a kai, a yau a asibitocin da ke da kayan aiki yawancin masu shi ana cire ƙashin da ya kamu ne a bar musu ƙafarsu.

Dalilin da ya sa na kawo miki shi ba yawan kuɗin ba ne. Mutumin da duniya ta fi tunawa da shi a wannan fage bai gama tafiyarsa ba, bai kuma warke ba. Ina jaddada wannan ne saboda akwai wani salon magana da ke yawo a wuraren tattaki wanda ni ba na so, inda za ki ji ana ta yabon waɗanda suka yi jarumta suka ci ƙarfin ciwo, kamar waɗanda suka rasu ragwanci suka yi. Na yi jinyar mata masu ƙarfin zuciya da ban taɓa ganin irinsu ba, suka rasu. Na yi jinyar masu raki da kuka tun daga allurar farko, suna nan da ransu. Matakin da ciwo ya kai kafin a zo asibiti, da irin ciwon, da samun magani a kan lokaci, da kwanan da Allah ya ɗiba wa bawa, su ne magana. In kin ji irin wancan yabo a wurin, kada ki bari ya sosa miki rai a kan Mama.

To wane sauƙi ake samu? Zan gaya miki abin da na gani a wurin masu jinya irinki. Lokacin da mara lafiya ke kwance, mai jinya ba ta da lokacin kanta. Dama kunu, bin layin magani, neman jini, juya ta kada gadon ya ci mata baya, kwana a kan tabarma a barandar asibiti. Ranar da aka yi rasuwa aikin nan duk ya yanke lokaci ɗaya. A yi zaman makoki, 'yan gaisuwa su watse, sai ki wayi gari hannu biyu ba abin yi, ga son nan yana nan daram amma ba wadda za ki yi wa hidima. Da yawa abin da ke cin su ke nan, sun kasa ba shi suna. Tattaki yana ba wa jikin nan aiki. Akwai ranar da aka sa, akwai nisan da za a ci, akwai mutanen da za ki bi ki roƙa, akwai wata mara lafiya da ba ki sani ba da kuɗin zai biya wa kemo zagaye ɗaya. Hidimar da ta katse ta samu inda za ta zuba.

Na biyu, za ki ga mutane. Ciwon dajin mama a wurinmu ciwon ɓoye ne. Mace za ta ji ƙullutu ta rufe da mayafi shekara guda, a ce jifa ne, a ce sammu ne, a shafa wannan a sha wancan, sai ya fashe yana wari sannan a kawo ta. Mafi yawan waɗanda muke karɓa sun zo ne ciwon ya riga ya yi nisa, shi ya sa mutane suka ɗauka duk wadda ya kama sai dai haƙuri, tunda ba su taɓa ganin wadda ta tashi ba. Alhali suna nan, shiru kawai suka yi. A wani tattaki da muka yi, wata malamar makaranta da na yi jinyarta shekarun baya ta karɓi lasifika a wurin da aka tsaya shan ruwa. Ban san za ta yi magana ba. Hannunta na rawa, ta gyara hijabi, ta faɗa wa jama'a cewa an cire mata nono ɗaya, ta sha kemo gashinta ya zube ya sake fitowa, ga ta nan, har ta aurar da 'yarta. Wurin ya yi tsit, ba ka jin komai sai ƙarar babura a ɗaya hannun titin. Mako bai zagayo ba wata mai sayar da abinci a bakin wannan titin ta zo asibiti da ƙullutun da ta daɗe tana ɓoyewa, ta ce maganar matar nan ce ta hana ta barci. Wannan ba a tura shi ta waya.

Turawan da suka daɗe a harkar sun gane haka. A 1985 wani likitan fiɗa a garin Tacoma na Amurka, Gordon Klatt, ya yi awa 24 yana zagaya filin wasa, gudu da tafiya, ya ci sama da kilomita 130, ya tara dala dubu 27. Daga nan aka samu taron da ake kira Relay For Life, inda ƙungiyoyi ke karɓa-karɓa suna zagaye har dare ya raba. Zagayen farko na waɗanda suka yi ciwon suka tashi ne, kowa ya tsaya gefe ya gan su. Da dare kuma a kunna fitilu a cikin jakunkunan takarda masu ɗauke da sunayen waɗanda suka rasu. Kunna wa mamaci fitila ba al'adarmu ba ce, mu addu'a muke yi da sadaka, amma sa masu rai a sahun gaba dabara ce da ta dace da mu fiye ma da su. A Najeriya gidauniyar Medicaid ta Dakta Zainab Shinkafi-Bagudu, likitar yara kuma uwargidan tsohon gwamnan Kebbi, tana shirya tattakin ciwon daji a Abuja duk shekara a watan Oktoba, akwai kuma ƙanana da asibitoci da ƙungiyoyin ɗalibai ke yi a jihohi, wasu ranar 4 ga Fabrairu, ranar ciwon daji ta duniya, wasu kuma na masu sikila ranar 19 ga Yuni.

Ba zan ɓoye miki ba, ba kowa ke dawowa da sanyin zuciya ba. Akwai wadda ganin waɗanda suka warke ke tayar mata da mikin, ta dawo gida tana tambayar me ya sa ba tata uwar ba. Wannan ba laifi ba ne, ba kuma raunin imani ba ne, zafin rashi ne. Ki tafi da ƙawar nan taki ki gaya mata tun a gida cewa in kika ce ku koma, ku koma. In kuma baƙin cikin ya kai har yanzu ba kya iya barci ko cin abinci ko fita harkokinki, wannan ya wuce abin da tattaki zai gyara, ki ga likita.

Batun son a gani kuwa, yayanki ya san aya ta 271 a cikin Suratul Baƙara, wadda ma'anarta ke nuna bayyana sadaka abu ne mai kyau, ɓoye ta a ba matalauta kuma ya fi alheri. Ba a hana bayyanawa ba, kuma malamai sun yi bayanin cewa in bayyanawar za ta sa wasu su yi koyi, tana da nata matsayin. Riya a zuciya take, tana iya shiga kuɗin da aka tura ta waya ma in mutum ya ɗauki hoton rasit ya watsa. Sadaka a madadin uwa da ta rasu kuwa, tun Sa'adu ɗan Ubada ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, a kan tasa mahaifiyar, aka ce masa tana amfanarta. Ki yi niyyar abin da kika tara sadaka ce ga Mama. Hoton kuma ba dole ba ne, ba wanda zai kama ki don kin kauce wa kyamara.

Abin da ya kamata ki ɗauka daga shakkar yayanki shi ne bin diddigin kuɗi, kuma a nan ko Turawan ba su tsira ba. A watan Afrilu na 2020, lokacin kullen korona, wani tsohon soja ɗan Ingila, Kyaftin Tom Moore, ya ce zai zagaya lambun gidansa sau 100 da ƙarfen dogarawarsa kafin ya cika shekara 100, yana fatan tara fam 1,000 don ma'aikatan lafiya. Aka tara kusan fam miliyan 33, kuɗin kuma sun tafi inda aka ce. Amma gidauniyar da aka kafa da sunansa daga baya, hukumar da ke sa ido kan ƙungiyoyin agaji a ƙasar ta bincike ta, ta fitar da rahoto a 2024 cewa wasu daga iyalinsa sun ci moriyar kansu da ita. In haka ta faru a inda ake da mai bincike, to ki buɗe ido a inda ba kowa ke tambaya ba. Kafin ki biya kuɗin rajista ko ki roƙi kowa, ki tambayi masu shiryawa: wane asibiti ko waɗanne marasa lafiya kuɗin za su je wa, asusun na ƙungiya ne mai rajista ko na wani mutum, nawa aka tara bara kuma me aka yi da shi, wa ya biya kuɗin riguna da rumfa. Tsari mai kyau shi ne kamfanoni su ɗauki nauyin hidimar taron, abin da jama'a suka bayar ya tafi ga marasa lafiya cif. Ki duba kuma ko za a yi gwajin mama kyauta a wurin, da inda za a tura wadda aka samu da wani abu, don gano ƙullutu a sallami mace ba tare da an nuna mata ƙofar da za ta bi ba, tayar da hankali ne kawai. Mai gaskiya ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi. Wanda ya fara kame-kame, ki riƙe kuɗinki ki kai wa sashen jin daɗin marasa lafiya na asibitin da kika yarda da shi.

Shirin jiki ba wuya. Yawancin irin wannan tattaki kilomita 5 ne zuwa 10, biyar ɗin kuma mai tafiya a natse tana cinye ta cikin awa ɗaya ko da ɗan ɗori. Ki fara tun saura mako huɗu ko shida, minti 20 bayan sallar asuba, kina ƙarawa kaɗan-kaɗan. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba babba shawarar motsa jiki na aƙalla minti 150 a mako, kuma a ganina wannan fitar ta kullum ta fi ranar taron kanta amfani ga mai baƙin ciki: barci na gyaruwa, abinci na shiga, ana ganin rana. Kada ki sa sabon takalmi ranar, wanda ƙafarki ta saba da shi za ki sa, da safa. Hijabi ko doguwar riga ba sa hana komai, ki dai zaɓi yadi mara nauyi. Ki karya kafin ki fita, ki riƙe gorar ruwanki, kada ki dogara da na masu taro, na ga inda ya ƙare tun kafin a yi rabi. In kina da hawan jini, ciwon suga, sikila ko juna biyu, ki fara jin ta bakin likitanki.

Za ki ga wasu sun rubuta sunan wanda suke tafiya dominsa a bayan riga. Na san bakinki ba zai iya kama sunanta ba, balle ki rataya shi a baya a titi. Ki rubuta Mama kawai, ko ki bar rigar yadda take.

Shi kuma yayan naki kada ki tsaya musu da shi, shi ma uwa ya rasa, kowa da yadda yake ɗaukar nasa. Tunda ya ce tura kuɗi ya fi, ki ce masa kin yarda, ya sa wa kowace kilomita da za ki taka abin da zai iya, ya tura kai tsaye. Sannan ki roƙe shi ya zo da mota ya jira ki a inda za a ƙare, da ruwa mai sanyi, don ƙafarki ba za ta so neman adaidaita ba a wannan ranar.